Jiran Kwano a Damagaram

Tun da na je Damagaram na dawo, matan unguwarmu ba su bar ni na huta ba. A gidan suna, a gidan biki, har a wurin zaman makoki sai wata ta matso ta ce, "Gwaggo Tabawa, wai da gaske kin hau babur a Nijar?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce wa maƙwabciyata Malama Rabi ta ɗauko biro. Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Bayan an kafa shari'a a jiharmu ne, lokacin da direbobi suka fara ware wa mata kujerar baya. Salula ta shigo Daura amma sai a hannun masu hali. Kuma kafin shekarar da fara ta cinye geron Nijar ne. An yanke gero, ana jiran dawa, kuma a daminar da ta wuce ne katangar gidanmu ta gabas ta zube.

Sai na fara gaya muku dalilin tafiyar, don ba yawo ya kai ni ba. Ina da ɗan fari. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takardar nan. Mu haka muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi zuwa Baure, can ya girma, shi ya sa nake ce masa Ɗan Baure. Shi kuma Yaya yake ce mini, in ta kama dole. Mukan shekara ba mu yi magana baki da baki ba, kuma ba faɗa muke ba.

Ɗan Baure ya yi karatun kwamfuta a Kano. Ya zo ya ce zai buɗe shago a Damagaram, inda mutane za su riƙa zama suna aika saƙo duniya, don a can irin shagunan ba su yi yawa ba. Ubansa, Malam Idi, ya sayar da gonar gadonsa ta Baure ya ba shi. 'Yan'uwa suka yi ta magana, wai an sayar da ƙasa an sayi gilashi. Ba a daɗe ba ɓarin jikin Malam ya shanye. Yana kwance a ɗaki, abinci sai an yi da gaske, kuma ba abin da yake tambaya sai shagon nan: ya tashi ko bai tashi ba?

Aka tura Sale, ƙanen Malam. Sale ya je da safe, washegari ya dawo yana cewa komai lafiya lau, ya ga allo a ƙofa da fenti shuɗi.

"Ka ga mutane a ciki suna aiki?" in ji Malam.

"Ai ranar ba a buɗe ba tukuna."

Malam ya juya fuska bango. Da Sale ya fita ya ce mini, "Fenti ya gano. Tabawa, ke za ki je. Kada ki dawo sai abin ya tashi."

Na ce, "Ni? In bi ɗan fari har wata ƙasa? Me mutane za su ce?"

"Ba ƙawarki Zinaru aka yi wa rasuwar miji ba? Har yau ba ki je gaisuwa ba."

To, ta'aziyya na tafi. Haka na gaya wa kowa, kowa kuma ya ce Allah ya ji ƙansa, ya kau da kai yana murmushi.

Daga Daura zuwa Mai'aduwa ba wani labari, mu mata muna baya kamar yadda doka ta ce. A Kwangwalam aka sauke mu. Na taɓa zuwa kasuwar Mai'aduwa, amma ban taɓa tsallake sandar nan da aka gitta a hanya ba. Ɓangarenmu suka leƙa, suka ce, "Baba, a sauka lafiya." Da muka isa wajen jandarmomin Nijar kuwa, sai wani dogo ya miƙo hannu ya ce, "Kartidantite."

Na ce, "Ɗana, ni Hausa nake ji."

"Takardar shaida, Hajiya. Wadda ta nuna ko ke wace ce."

Na ce, "Ni ce Tabawa matar Malam Idi. Daga ƙofar gidanmu kana hango Kusugu. Duk wanda ka tambaya a motar nan ya san ni."

Ya yi dariya har ya dafa mota. Ya ce kakarsa ma 'yar Daura ce, kuma haka take magana, kamar ita ta haƙa rijiyar. Amma sai an duba kaya. Wata mace ce ta duba a wani ɗaki, da wando da hula, ɗamara a ƙugu. Na yi ta kallonta har ta tsargu. Ta kwance babban ƙullina tana neman ban san ko mene ne ba, sai ta faɗa kan daddawar da na kai wa Zinaru, wadda na yi da hannuna, ta kwana a rufe cikin zafi. Ai sai ɗakin ya watse. Har dogon ya fito yana fifita da hularsa yana cewa, "Ɗaure, Hajiya, ɗaure ki wuce, Allah ya kiyaye hanya!" Daddawata ce takardar shaidata.

Da muka tsallaka direba ya sake jera mu yadda ya ga dama. Ya ce nan ba ruwansu da gaba da baya, nauyi ake dubawa. Na tsinci kaina kusa da wani dillalin dabbobi mai rago a tsakanin ƙafafunsa. Na sa ƙullin daddawa a tsakaninmu, bai ƙara matsowa ba, amma ragon ya cinye mini gefen mayafi kafin Matamai. Bayan Kance taya ta yi faci. Muka zauna a gindin gawo, wata Bafillatana ta dama mana fura, nonon ya fi namu tsami, ta kuma ba ni cuku, wani busasshen abu fari kamar fatar ganga, wai da shayi ake ci. Na ci don kara, haƙorina ɗaya bai yafe mini ba har ya fita.

Zinaru tare muka yi tallan ƙuli-ƙuli muna 'yan mata, aure ya kai ta can. Gidanta na cikin tsohon gari, tsakanin wasu duwatsu manya kamar an jibge su. Muka rungume juna muka yi kukan mijinta, muka share hawaye, sannan ta dube ni ta ce, "Ke Tabawa, kin tsufa." Na ce, "Ke kuma haƙoranki suna ina?" Daga nan hira ta ɓarke.

Mutanen Damagaram Hausawa ne kamar mu, amma Faransa ta shiga bakinsu. Makaranta lakkwal, wutar lantarki kuran, acaɓa kabu-kabu. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa na yanka dasashi. Shayi kuwa a ɗan kofin gilashi, na farko ɗaci kamar maganin shawara, kuma in ka tashi kafin a zuba na ƙarshe ka yi rashin kunya. Da rana ta take sai gari ya mutu, har ma'aikata su koma gida su kwanta. Ruwa ne wahalarsu. A gidan Zinaru na koyi wanka da abin da a Daura alwala nake yi da shi.

Washegari surukata Balki, matar Ɗan Baure, ta zo gaishe ni. Yarinya ce mai hankali, 'yar Zango. Na tambaye ta ruwa, na tambaye ta maƙwabta, na tambaye ta ko sauro na damunsu. Ta amsa duka, kanta a ƙasa. Da Zinaru ta shiga madafa sai ta matso ta rage murya.

"Inna, in Baba ya tambaya, shago bai tashi ba tukuna."

Na ce, "Ni ta'aziyya na zo."

"Na sani, Inna. Don Baba nake faɗa."

Ta ce sun taɓa buɗewa sau ɗaya, suka sha kunya. Wai akwai wata babbar na'ura a ƙuryar shago, ita ke raba wa ƙananan aiki. A cikinta akwai wani shiri da masu sana'ar ke ce wa uwa. In an kunna, uwar ce ke tayar da wani da suke ce wa ɗa, shi ɗan ne zai zauna yana aiki yini guda, ita kuma ta fita. To uwar da ta tayar da shi sai ta rubuta a gilashi cewa komai ya tashi, ta tafi abinta, ɗan kuwa kafin ya gama miƙewa ya faɗi. Mai shago ya ga rubutu ya buɗe ƙofa, mutane su zauna, ba abin da ke motsi. Haka 'yan lakkwal suka cika shagon ranar, suka fita suna dariya. Yanzu yana gyarawa ne don uwar ta tsaya, ta riƙe hanya tsakaninta da ɗan, kada ta ce komai sai ya aiko mata cewa ya miƙe, ko ya faɗi ga dalili. In ma ya mutu bai ce uffan ba, hanyar za ta yanke, ta sani. Ga kuma kuran da ke ɗaukewa kullum yana tsakiyar gwaji.

Rabin maganar ban gane ba. Na ce, "Allah ya kyauta. Ke dai kin rame. Zan riƙa aiko miki da abinci."

Balki ta ce, "To Inna, kwanon zai riƙa dawowa wayam, kada ki ga rashin kunyata. Ranar da abin ya tashi za ki ga goro a ciki. Na Baba ne, sai ki kai masa."

Kun ga hankali ko? Ba ta sa ni tambaya ba, ba ta sa shi faɗa ba.

Haka muka shiga yi. Kullum in tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ko in yi ɗanwake, irin wanda aka ce mini yana so tun yana Baure, in zuba a kwanon Zinaru mai murfi ja, a kai shago da sunan Balki. Da yamma kwano ya dawo a wanke, in ɗaga murfi kamar ina duba wankin, in ga wayam, in rufe. Zinaru ban gaya mata komai ba. Ta yaya zan ce mata ina zaune a gidanta ina jiran labarin ɗan fari?

Ita kuwa abin ya tsaya mata a wuya. "Wannan surukar taki wa ya rene ta? A kai miki abinci ki mayar da kwano ba ko ƙwayar ashana? A Daura yanzu haka ake yi?"

"Yaran zamani ne," na ce. Allah ya yafe mini, yarinyar ba ta ji ba ba ta gani ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Wani direban Daura ya kawo saƙon baka cewa Malam ya daina shan ko kunu sai an matsa. Na kasa zaune na kasa tsaye. Ran nan da yamma sai ga Hawwa, matar mai gidan da shagon ke jikinsa, ta kawo kwanon da kanta, suka gaisa da Zinaru ta tafi. Na ɗaga murfi. Goro! Fari da ja, a lulluɓe da ɗanyen ganye. Na rufe, na shiga ɗaki na yi sujada. Na fito na ce wa Zinaru, "Gobe zan koma, na bar mara lafiya." Na ƙulle goron a bakin zanena.

Da safe Zinaru ta raka ni tasha. Aka ɗaure kayana a saman mota, na samu wuri kusa da taga, ana jiran cikon fasinja. Tana tsaye a waje muna sallama, sai ta ce, "Kin ga dai na gyara miki surukarki kafin ki tafi."

"Kamar yaya?"

"Na haɗu da Hawwa a gidan suna, na ce mata 'yan hayarta suna ba mu kunya, kwano kullum wayam. Ta ce in bar mata. Jiya ta tarar da shi a zaure, ta wanke, ta zuba goro daga nata. Mace mai mutunci, Hawwa."

Jama'a, ashe goron ba daga Balki ya fito ba. Ga goro a zanena, ga mota na shirin tashi, ga Malam can yana jira. Da na kai masa goron nan zai karɓa, zai yi murna, wataƙila har ya ci tuwo. Amma ba haka ya ce in yi ba.

Na ce, "Direba, sauke mini kaya."

"Haba Hajiya, an gama ɗauri! Naki ne a ƙasa!"

"To kwance. Da hannu ka ɗaura."

Ya yi ta surutu da Faransanci, na san zagi ne, na ce Allah ya mayar masa da rabinsa. Na bar Zinaru da kayan tana ta tambayar me ya faru. Na fito bakin tasha na ɗaga wa mai kabu-kabu hannu. E, na hau. A karkace na zauna, na riƙe ƙarfen baya, ina salati tun daga tasha har ƙofar shago mai fenti shuɗi. Wadda ta ƙara tambayata wannan, ta zo Malama Rabi ta karanta mata.

Ƙofar a buɗe take rabi. Balki ba ta nan, ta je awo asibiti, Hawwa ta tafi kasuwa. Shi kaɗai ne a ciki, na ji motsinsa. Na zauna a dakalin waje na ba ƙofa baya. Motsin ya tsaya, na san ya gan ni. Ba wanda zai ɗauki magana daga bakina ya kai masa, ba wanda zai kawo tasa. Sai akuyar Hawwa da ke ɗaure a gindin dalbejiya tana kallona.

Da zaman ya yi tsawo na dubi akuyar na ce, da ƙarfi, "Ke akuya, motar Daura dai ta tafi ta bar ni."

Can na ji murya daga ciki. "A gaya wa Yaya goron jiya ba daga nan ya fito ba. Sai da safen nan na ji, na aika gidan Inna Zinaru aka ce an tafi tasha."

"An sani," na ce wa akuyar. "Mai goron na gaskiya ake jira. Akwai mara lafiya a gida."

"An gama gyara. Kuran ake jira."

Muka yi ta zama. Na yi azahar a dakalin, da ruwan da aka turo a buta ta bakin ƙofa ba a ce komai ba. Rana ta karkata. Wajen la'asar fankar shagon ta fara juyi, wani mai walda a maƙwabta ya yi ihu, kuran ya dawo. Na ji an danna wani abu, na'ura ta fara gurnani ƙasa-ƙasa. Jiran nan ya fi zaman yinin tsawo. Na riƙe carbi ban ja ko ɗaya ba.

Sai na ji takunsa. Ya fito, ya durƙusa nesa kaɗan a bayana, ya ce, "Yaya, ya tashi."

Ni ya gaya wa. Ba akuya ba, ba Balki ba.

Na ce, idona na kan dalbejiya, "Wancan karon ma ai an ce ya tashi."

"Wancan karon uwar ce ta faɗa ba ta jira ba. Yanzu ba ta magana sai ɗan ya aiko. Ya aiko."

"To a buɗe ƙofa mu gani."

Ya buɗe duka. Ba a jima ba 'yan lakkwal suka fara leƙowa, ɗaya ya shiga, ya kira wani. Wani malami mai tabarau ya zauna, ya yi ta danne-danne, sai ya tafa hannu ya ce ɗan'uwansa na ƙasar waje ya amsa masa. Na zauna har shagon ya cika, har wasu suka tsaya a waje suna jiran kujera, ba wanda ya fito yana dariya. Da zan tashi na waiga sau ɗaya. Yana sunkuye a kan kafaɗar wani yana nuna masa abu, sai na ga furfura a gefen kansa. Ban san ya yi furfura ba. Wuyansa irin na ubana ne sak, ban taɓa lura ba. Na gyara mayafina da rago ya ci, na kama hanyar gidan Zinaru a ƙasa.

Da Zinaru ta ji labarin duka ta yi ta dariya har da tari, ta ce, "Shegiyar kunya! Da kin gaya mini ai da ban sa baki ba." Na ce, "Da kin iya riƙe bakinki ai da ba Zinaru ba ce."

Washegari na komo. Jandarma dogo ya gane ni, ya toshe hanci ya ɗaga mini hannu. Na iso Daura bayan azahar, ban ko cire mayafi ba na shiga wurin Malam. Ya rame ƙwarai.

"Ya tashi," na ce.

"Wa ya gaya miki?"

"Na ga mutane cike, har a waje."

"Na ji. Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Shi."

"Shi da bakinsa? Ke da kunnenki?" Ya fara dariya da rabin fuskar da ke motsi. "To me kika ce masa?"

"Ni da akuya nake magana."

Ya yi dariya har hawaye suka gangaro cikin kunnensa. Da ya huta ya ce, "Akwai sauran tuwo a gidan nan?"

Malam ya ƙara damina ɗaya da rani, ya rasu hankalinsa kwance. Sale ya bi shi. Zinaru ma ta tafi, ban samu zuwa gaisuwarta ba, ƙafa ta ƙi, kuma wannan karon da ta'aziyyar gaske ce. Hawwa an ce tana nan, ta makance, amma har yau in ɗan Daura ya je sai ta tambayi tsohuwar da ta yi hira da akuyarta. Balki na nan, ta zama uwar manyan 'ya'ya. Sai ni. Sai kuma Ɗan Baure, yana Yamai yanzu, an ce manyan na'urori yake kula da su. Duk Juma'a yakan bugo waya. Ba na ɗauka, wanda ke kusa nake miƙa wa. Sai dai nakan ce a buɗe muryar sosai, don kunnen mai riƙon.